GUZURIN HATSI DA GUJIYA DA ZUMA: ABINCIN SAFE WANDA BA YA JIRAN WUTA



Kowa ya san yadda safiya take a karkara. Maigida ya saɓa hauya tun da asuba. Uwargida ta tafi rijiya. Yaro ya ɗauki allo ya nufi lakwal, cikinsa babu kome, don tuwon jiya bai kwana ba, fura kuwa ba ta samuwa sai hantsi. Yaron da ke jin yunwa ba ya jin malami. Manomin da bai karya ba, kafin rana ta take hannunsa ya mutu. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yau za mu yi bayanin wani abinci da ake yi rana ɗaya, a ci mako biyu.

Daga ina ya fito?

A Amurka ana kiransa giranola. A shekarar 1863 wani likita mai suna James Caleb Jackson, a garin Dansville na jihar New York, ya gasa ƙullin garin alkama har ya bushe ƙamas, ya farfasa shi don marasa lafiya. Tsananin taurinsa, sai an jiƙa shi cikin madara ya kwana kafin a ci. Daga baya mutane suka gyara shi. Yanzu suna yin sa da wata tsaba dangin alkama mai son ƙasar sanyi, su haɗa da zuma da mai da ƴaƴan itace busassu, su gasa.

Wannan tsaba ba ma noma ta nan. Amma dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Wanda ya san daƙuwa da kantu da gugguru ya riga ya san rabin aikin. Hatsinmu yana iya tsayawa a madadinta. Gujiya tana nan a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Lamti, wanda wasu ke kira riɗi, yana nan. Aya, jihar Maraɗi ce gidanta. Dabino yana zuwa daga Ingal da Kawar.

Me yake yi wa jiki?

Hatsi yana ba da ƙarfin aiki, kuma yana da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini. Gujiya tana gina jiki: wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta abin gina tsoka ne, kusan rabinta kuma mai ne. Lamti shi ma rabinsa mai ne, yana kuma da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Shi ya sa tafi biyu na wannan haɗi suke riƙe ciki fiye da biskitin kanti.

Kayan da ake bukata

A auna duka da kofi guda, kada a sauya ma'auni:

Barzajjen hatsi, kofi 4
Gujiya ɓararra, kofi 2
Lamti, kofi 1
Dabino yankakke, kofi 1
Zuma, kofi 1
Man gujiya, cokali 3
Gishiri kaɗan, da garin citta ga mai so

In babu zuma, a narka mazarƙwaila ko sukari kofi 1 cikin ruwa rabin kofi. Mai aya yana iya soya kofi 1, ya daddaka, ya ƙara.

Yadda ake yi

Na ɗaya. A surfa hatsi, a bakace, a wanke, a rege tsakuwa. A barza shi kamar za a yi dambu, a tankaɗe garin a ajiye don kunu. Tsakin ake so.

Na biyu. A yayyafa wa tsakin ruwa, a turara shi a madambaci har ya nuna. Kada a tsallake wannan. Ɗanyen hatsi in an soya shi kai tsaye tauri yake yi kamar tsakuwa, yana iya karya haƙori.

Na uku. A baza shi a faifai ko tabarma mai tsabta, a rufa da mayafi mara kauri saboda ƙuda da ƙura, a bar shi a rana ya bushe sarai.

Na huɗu. A soya kowane abu shi kaɗai, da wuta kaɗan, ana motsawa ba tsayawa. Dalili kuwa, ba lokaci ɗaya suke nuna ba. Gujiya tana daɗewa. Lamti kuwa da ya fara tsalle yana ƙamshi, a sauke, in ba haka ba ya ƙone ya yi ɗaci. Hatsi a soya shi da man nan har ya yi ja-ja. A murje ɓawon gujiya, a fece, a ɗan farfasa ta a turmi.

Na biyar. A ɗora zuma a wuta kaɗan har ta yi kumfa. A ɗiga ɗigo ɗaya cikin ruwan sanyi. In ya watse, da saura. In ya dunƙule, ta yi.

Na shida. A juye hatsi da gujiya da lamti da gishiri cikin zumar, a juya da sauri har ko'ina ya samu. A sauke, sannan a zuba dabino, don shi wuta tana ƙona shi.

Na bakwai. A shafa mai a tire, a baza, a danna da bayan ludayi. A bar shi ya huce sosai. Da zafinsa laushi gare shi. Sai ya huce yake ƙarmas. Daga nan a ɓaɓɓalla.

Ana cin sa haka nan, ko a zuba cikin nono, ko a barbaɗa a kan kunu.

Abubuwa huɗu da za a kiyaye

Gujiyar da ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko kwari suka huda, a tsince a zubar. Akwai guba a cikinta da ake kira afalatoksin. Ba a ganinta da ido, suya ba ta kawar da ita, kuma sannu a hankali tana cin hanta har ta kai ga ciwon daji. Kada a ba kaji ko awaki ita ma. Rigakafi ya fi magani.

Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan. Tana iya ɗauke da ƙwayar cuta wadda hanjin babba ke iya wa, na jariri ba ya iyawa.

Ƙananan yara, musamman ƴan ƙasa da shekara huɗu, kada a ba su da tsaba-tsaba, don gujiya tana sarƙe su. A dake musu ya zama gari, a dama cikin kunu. Yaron da ya ci gujiya jikinsa ya yi borin jini, ko leɓe ya kumbura, a daina ba shi, a kai shi likita. In numfashinsa ya yi wuya, a tafi nan take.

Mai ciwon sukari ya tambayi likita kafin ya ci.

Ajiya

Laima ce abokiyar gabarsa. A zuba cikin gwangwani ko kwalba busasshiya mai murfi, a ajiye a inuwa. Kada a sa jiƙaƙƙen hannu ciki. A yi daidai na mako biyu. Da damina kuwa a rage. In ya sauya wari, man da ke ciki ya lalace, a zubar.

Ga masu son sana'a

Da kaka gujiya da lamti arha suke yi. Muna sayarwa da buhu, bayan ƴan watanni mu sayo wa yara kayan kwalama da tsada. Matan ƙungiya suna iya haɗa hannu su yi wannan guzuri, su kai kasuwa da tasha da ƙofar lakwal.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. Ku rubuta kome a littafi, har da itace da leda. Ga misali don koyon lissafi: kun kashe jika 3, wato dala 600, kun sami ƙulli 40. Kowane ƙulli ya tsaya muku dala 15. In kun sayar dala 20, ribar ƙulli dala 5 ce, ta duka kuwa dala 200, wato jika guda. Ku sa farashin kasuwarku ku sake lissafin kafin ku ɗora tukunya.

A fara da rabin ma'auni, a gwada a gida tukuna. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a. Amin.