Bizar aure ta Birtaniya: Kuɗin tallafin yaro mai naƙasa ba ya hana a ɗauko miji ko mata

Daga ranar 11 ga Afrilu, 2024, duk mazaunin Birtaniya da ke son ɗauko matarsa ko mijinta daga waje sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara. Kafin nan fam 18,600 ne, adadin da aka tsayar tun watan Yulin 2012. Wanda ba shi da albashin, sai ya nuna ajiyar fam 88,500 a banki. Wannan ƙari ya taɓa gidaje a Nima da zangunan Kumasi, inda ake ɗaura aure tsakanin 'yan gida da 'yan'uwa mazauna Landan ko Manchesta, a yi biki a watse, sannan a shiga jiran takarda.

Waɗanda abin ya fi yi wa nauyi su ne iyayen yara masu naƙasa. Uwar da ke kai yaro asibiti, tana raka shi makaranta, dare ya yi ba ta runtsa ba, ina za ta samu lokacin aikin fam 29,000? Ga kuma maganar da ke yawo a zaure da WhatsApp, wai muddin gida na karɓar kuɗin gwamnati, to a manta da biza. Wannan magana ba haka take ba, kuma mai gaskata ta zai iya cutar da ɗansa a banza.

Abin da ƙa'idar ta tanada

Ƙa'idojin shige da fice na Birtaniya sun jera wasu nau'o'in tallafi da ke ɗauke wa mai ɗaukar nauyi sharaɗin fam 29,000. Biyu daga ciki ne suka fi shafar iyaye. Na farko shi ne DLA, kuɗin da ake bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 da ke buƙatar kulawa fiye da tsararrakinsa. A Sikotlan sunansa daban, amma shi ma yana cikin jerin. Jagorar da Ma'aikatar Cikin Gida ta ba jami'anta ta bayyana cewa idan mai ɗaukar nauyi na karɓar irin wannan kuɗi a madadin ɗansa, sassaucin ya hau kansa.

Na biyu shi ne alawus ɗin mai jinya, wanda ake kira Carer's Allowance. Ana ba wanda ke kula da mai naƙasa aƙalla awa 35 a mako, in dai yaron na karɓar matsakaici ko babban mataki na ɓangaren kulawa na DLA. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 alawus ɗin fam 83.30 ne a mako, kuma mai karɓarsa ba zai samu fiye da fam 196 a mako daga aiki ba, wato kimanin fam 10,000 a shekara. Ka ga ke nan gwamnati da kanta ta san mai jinya ba zai kai fam 29,000 ba. Shi ya sa aka buɗe masa wata ƙofar.

Lissafin da ake yi

Ƙofar ba ta shiga kyauta ba ce. Sai an nuna cewa abin da ke shigowa gidan zai riƙe iyalin har da wanda zai zo, ba tare da an ƙara jingina da asusun gwamnati ba. Jami'i zai haɗa kuɗin shiga na mako bayan cire haraji: albashi idan akwai, da tallafin da gidan ke karɓa bisa ƙa'ida. Sai ya cire kuɗin haya da harajin ƙaramar hukuma. Abin da ya rage dole ya kai abin da iyali mai yawansu zai samu a ƙarƙashin tallafin da ake kira Income Support. A shekarar 2024 zuwa 2025, ma'aunin miji da mata da yaro guda ya kama kusan fam 245 a mako, kuma ana sabunta shi duk watan Afrilu.

Mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah a Landan tana da yaro guda, mijinta yana Kumasi, kuma duk abin da ke shigo mata fam 520 ne a mako. Idan haya da harajin ƙaramar hukuma sun ci fam 250, saura 270, ta haye. Idan sun ci 300, saura 220, ta faɗi da ratar fam 25. Sau da yawa haya ce ke yanke hukunci, musamman a Landan. Ajiyar banki na iya cike giɓi, domin ana raba ta bisa makonnin bizar a ƙara a kan kuɗin mako. Amma albashin da mijin ke fatan samu in ya iso ba ya shiga lissafi, haka ma alkawarin kawu ko yaya cewa zai riƙa taimakawa.

Idan lissafin bai fita ba, da sauran magana. A watan Fabrairun 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta amince da sharaɗin kuɗin shiga, amma ta ce ƙa'idojin ba su ba maslahar yara muhimmancin da doka ta wajabta ba. Daga nan aka yi gyara, ta yadda idan ƙin ba da biza zai jefa yaro cikin mawuyacin hali na gaske, jami'i zai duba wasu hanyoyin samun kuɗi, har da taimakon dangi. Sai dai wanda ya shiga ta nan shekara 10 zai jira kafin zama na dindindin, maimakon 5.

Abin da ke kan na gida

Sassaucin bai taɓa sauran sharuɗɗa ba. Mai neman biza daga Ghana, Kamaru, Nijar ko Najeriya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi. Sai ya ci jarrabawar Turanci ta matakin A1, ta ji da magana, sai fa in yana da digirin da aka koyar da Turanci kuma aka tantance. Dole ma'auratan su kai shekara 18, kuma sun taɓa haɗuwa ido da ido. Gidan da za a sauka kada ya zama cunkoso a ma'aunin dokar gidaje ta can.

Sai takardar aure, inda mutanenmu suka fi tuntuɓe. An ɗaura aure a masallaci, an biya sadaki, an raba goro, amma babu rajista. A Ghana dokar auren Musulmi ta tanadi a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, kuma jami'in biza takarda yake karantawa. Wanda ya makara ya nemi lauya tun kafin ya cike fom. A kuma sani, Birtaniya ba ta ba mata ta biyu bizar aure idan uwargida na zaune a ƙasar da igiyar aurenta.

Kuɗin nema ma ba wasa ba ne. A watan Afrilun 2025 kuɗin fom ɗin ya kasance fam 1,938, ga harajin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, wanda ke kamawa fam 3,105 a bizar farko mai wata 33. Idan aka ƙi, ana mayar da harajin lafiya, kuɗin fom kuwa ya tafi. Tun 2022 akwai damar neman a yafe kuɗin ga wanda ya tabbatar ba shi da hali.

Bayan an iso

Wanda ya zo ba shi da izinin karɓar tallafin gwamnati, amma yana da damar yin aiki. DLA na yaro ba ya raguwa don uba ya fara albashi, domin ba a auna shi da samun gida. Universal Credit kuwa ana auna shi, saboda haka wajibi ne a sanar da hukuma ranar da miji ko mata ta tare, in ba haka ba bashi zai taru. Kafin bizar farko ta ƙare za a sake nema, a sake wannan lissafi. Ranar da yaro zai cika 16 ma abin lura ce, domin a Ingila lokacin ne ake komawa neman tallafin manya.

Saboda haka iyaye kada su ɓoye takardar DLA, kada kuma su daina karɓar haƙƙin yaro don tsoron biza. Ita ce ma shaidar farko da za a ɗora a kan fom, tare da bayanan banki da yarjejeniyar haya. A guji 'yan koneshan masu haɗa takardun bogi, domin ƙarya guda na iya rushe neman gaba ɗaya. A Birtaniya laifi ne mutum ya ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba, don haka a tambayi mai ba da shawara lambar rajistarsa kafin a miƙa masa ko fam ɗaya. Alƙaluman nan suna sauyawa, a duba na ranar da za a nema a shafin gwamnatin Birtaniya. Allah ya haɗa kowa da iyalinsa, ya ba yaranmu lafiya.