Karantar da yara a gida: abin da iyaye a Jos za su auna kafin su zaɓi hanya

Sa'ad da gwamnatin tarayya ta rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, falo da tsakar gida suka koma azuzuwa, iyaye suka zama malamai ba shiri. Mutanen Jos kuwa sun riga kowa sanin wannan hali, domin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun sha tsare yara a gida ƙarƙashin dokar hana fita. Ga ma'aikacin tarayya da ya bar iyalinsa a Jos yana aiki a Abuja, ko wanda takardar canjin wurin aiki kan riske shi ana tsakiyar zangon karatu, tunanin karantar da ƙananan yara a gida ba baƙo ba ne. Tambayar ita ce, ta wace hanya?

Da farko sai a dubi doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa uba ko mai riƙon yaro ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare har ya kammala. Wanda ya saɓa, a karon farko tsawatarwa ce. A na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Saboda haka karatun gida ya fi samun sarari a shekarun da suka gabaci shiga aji ɗaya. Wanda zai wuce nan, ya fara neman shawarar hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Filato.

Hanya mafi sauƙi ita ce bin manhajar da hukumar NERDC ta tsara, da littattafan da makarantu ke aiki da su da jadawalin darussa. Amfaninta a fili yake: duk ranar da yaro zai koma aji, ko zai zauna jarrabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantun haɗin kai irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Jos, ba zai iske gibi ba. Aibinta shi ne ɗan shekara huɗu kan ƙosa da zama wuri ɗaya.

Akwai hanyar Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan renon yaranta na farko a birnin Rum a 1907. A nan yaro da hannunsa yake koyo: ya ƙirga, ya jera, ya zuba, ya auna. Kayan aikin na kanti suna da tsada, amma ƙwayar wake da marafan kwalba da mudun awo suna biyan buƙata. Charlotte Mason ta Ingila kuma, wadda ta rasu a 1923, ta dogara ne ga gajerun darussa, da karanta wa yaro littafi mai daɗi ya maimaita labarin da bakinsa, da yawan fita waje. Jos ta dace da wannan tsari: gidan tarihinta da aka buɗe a 1952 yana ɗauke da sassaƙe-sassaƙen Nok, ga gandun namun daji, ga duwatsun Shere, ga tarihin haƙar kuza da yaro zai gani da idonsa. John Holt na Amurka ya fi su nisa a shekarun 1970, inda ya ce a bar yaro ya bi sha'awarsa ba manhaja. Wannan sai gidan da babba yake tare da yaro wuni guda, abin da ma'aikaci bai cika samu ba.

Ƙasar Hausa ma ba ta rasa nata gadon ba. A makarantar allo kowane yaro da ƙarfinsa yake tafiya, ba a wanke masa allo sai ya riƙe karatunsa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis suna kai wa mata karatu har ƙauyukansu. Darasin shi ne malamin gida ma sai an koyar da shi.

Sai dai akwai abin da manhaja ba ta bayarwa, kuma a Jos ya fi nauyi. Tun bayan 2001 unguwanni da yawa sun rabu bisa addini, har yaro kan girma bai taɓa wasa da wanda ba ɗan masallacinsu ko majami'arsu ba. Aji na cikin wurare kaɗan da suka rage inda ɗan Birom da Bahaushe da Bafulatani da ɗan Ibo ke zama kan benci ɗaya. Iyalin da ya cire ɗansa daga nan, wajibi ne ya samar masa madadi: filin ƙwallo, ko zaman karatu na mako-mako tare da gidajen wata unguwa.

Kafin a sayi littafi ko ɗaya, ya kamata uba da uwa su zauna su amsa tambayoyi uku. Wa zai koyar kullum, kuma awa nawa yake da shi? A wane aji ake son yaron ya koma makaranta, kuma wace shaida za a nuna wa shugabanta? Su wa zai yi wasa da su? Ajiye littattafan aikin yaro da kwanan wata a kan kowane shafi yana sauƙaƙa amsa ta biyu. Ta uku kuwa, sai iyaye sun fita da kansu sun ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta.