Noti Ɗaya da Ke Kashe Inji: Labarin Fulen Mazda MX-5

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1989 ne kamfanin Mazda na ƙasar Japan ya baje wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, mai buɗaɗɗen sama, a bikin nunin motoci na birnin Shikago da ke Amurka. Sunanta MX-5, Amurkawa kuwa suna ce mata Miata. An ƙera ta ne a Hiroshima domin masu sha'awar tuƙi, ba domin ɗaukar kaya ko iyali ba, ta kuwa sami karɓuwa har adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya a shekarar 2016. Injinta na farko mai lita 1.6 ɗan gida ɗaya ne da na Mazda 323, kuma an shaide shi da juriya. Amma duk da wannan shaida, motocin da suka fito a zubin farko, watau har zuwa tsakiyar ƙirar 1991, suna da wani lahani a ɓoye wanda ya kwantar da injuna masu yawa.

Kafin a gane lahanin sai an san wurin. Karanshaf shi ne sandar ƙarfen da ke kwance a ƙasan inji, wadda fistin-fistin suke juyawa. Bakinsa yana leƙowa ta gaban inji, a nan ne ake zura wani gargare mai haƙora wanda ke jan bel ɗin tayimin, sa'an nan a ɗaura fule a kansa, shi kuma ya ja bel ɗin famfon ruwa da na'urar cajin batir. Tsakanin bakin karanshaf da gargaren akwai wata 'yar sakata ta ƙarfe da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, tana zaune cikin gurbin da aka fafe mata. A ƙarshe babban noti guda ɗaya ya danne su duka.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba sakatar nan ce ke ɗauke da nauyin juyin ba. Aikinta kawai ta tsayar da gargare a daidai mazauninsa. Matsin noti shi ne ke riƙe komai. To, a motocin farko bakin karanshaf gajere ne kuma siriri, notinsa ma ƙarami, saboda haka matsin ba shi da rara. Da zarar noti ya yi sako-sako ko da kaɗan ne, sai nauyin duka ya koma kan sakata, ta riƙa dukan gefen gurbinta duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, sau dubbai a cikin minti ɗaya. Yau da gobe gurbin ya zaizaye ya yi faɗi, gargare ya zame baya.

Ciwon ba ya zuwa da hayaniya. Mai mota zai ji dai ta yi nauyi wajen tashi, tana kasa a hawan da ta saba haurawa, mai kuma yana ƙarewa da wuri. Dalili kuwa shi ne bawul-bawul da wutar fulogi duk sun koma makara, tun da daga gargaren nan suke karɓar lokacinsu. Wani abin takaici kuma, idan makaniki ya haska fitilar duba tayimin sai ya ga komai daidai, domin alamar da yake dubawa tana jikin fule, fulen kuwa ya zame tare da gargare. Ta haka ne ake sauya fulogi da matatar mai da sauransu a banza, ciwo yana can yana ci. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a cire fulogin silinda ta ɗaya, a zura siririn ƙarfe, a juya inji da hannu har fistin ya kai ƙololuwa, sa'an nan a duba ko alamar fule ta yi daidai da wurin. Har wa yau, fulen da ke rawa yayin da inji ke aiki a tsaye, da jan gari mai kama da tsatsa a kewayen noti, duka shaidu ne da bai kamata a raina ba.

Mafi yawan lokaci ba gudu ne ke haddasa abin ba, ba kuma tsufa ba. Hannun wanda ya taɓa notin a ƙarshe ne. An tsara a sauya bel ɗin tayimin bayan kowace mil 60,000, kuma a wannan aiki ne akan kwance notin, sau da yawa domin a sauya robar da ke tare mai a gaban karanshaf. Ƙa'idar ɗaurinsa ita ce fam 80 zuwa 87 a sifana mai ma'auni. Wanda ya ɗaure da ƙiyasi, ko dai ya gaza ƙa'ida noti ya kwance, ko ya wuce ta ƙarfen ya miƙe ya raunana. Ita ma sakatar tana da kai da gindi: gefenta da aka fiƙe shi ne ke fuskantar inji, in aka juya ta sai ta ƙi zama, noti ya matsu a kanta maimakon kan gargare. Shi ya sa ƙwararru suke ganin cewa a wannan ƙira, muddin roba ba ta yoyo, gara a sauya bel a ƙyale babban noti, tun da ƙananan notuna huɗu na fule sun isa a kai ga bel. In kuwa kwancewa ta zama dole, sai a sa sabon noti da sabuwar sakata, a goge mai tas, a shafa gam ɗin riƙe noti.

Kamfanin Mazda ya gyara kuskuren a tsakiyar ƙirar 1991, ya kaurara bakin karanshaf, ya sa babban noti mai ɗaukar fam 116 zuwa 122. Mai son saye yana iya rarrabewa da ido: fulen tsohuwar ƙira ramuka huɗu gare shi a fuska, na sabuwa takwas. Sai dai sabuwar ƙira ma tana lalacewa idan aka bar notin sako-sako. Kuma kowace iri ce, fulen ƙarfe biyu ne da roba a tsakani domin shanye girgiza, robar da ta haura shekara 30 kuwa takan tsattsage har zoben waje ya zame.

Idan an riski ciwon da wuri, akan cike gurbin da wani gam mai ƙarfi na kamfanin Loctite mai lamba 660, a zaunar da sabuwar sakata da sabon gargare, a bar shi ya bushe kafin a tada inji, motoci da yawa kuwa sun yi shekaru a kan wannan gyara. Idan bakin ya tsage ko ya karye, babu sauran dabara sai a sauke inji a sa wani karanshaf.