Wa Ya Ce Ba Ta Da Kai?

Yau zancenmu a kan bakinmu ne, da abin da yake jawo wa 'ya'yanmu.

Duk wadda ta san Kura da Bunkure ta san tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya iso gonakin Kadawa, aiki ba ya yankewa rani da damina. Ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa. Maza suna gona, mata suna gida suna turara shinkafa. To, wa zai ɗauki talla? Sai uwa ta dubi 'ya'yanta ta raba su: "Wannan mai kai ce, ta tafi makaranta. Waccan kuwa ba ta gane komai, gara ta taya ni." Sau da yawa yarinya ba ta wuce shekara 7 ba ake yanke mata wannan hukunci, kuma a gabanta ake faɗa.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Akwai wata yarinya da na koyar a aji uku. Ran da na fara ganin uwarta, sai ta ce, "Malama, sai haƙuri da ita, ba ta da kai." Na ɗauki maganar. Na ajiye ta a bencin baya. In na yi mata tambaya ta yi shiru, ba na jira, sai in wuce ga wata. In ta yi fashi lokacin tsinkar tumatir, ba na aikawa a ji dalili. Jarrabawa ta zo ta faɗi, ni da uwarta muka ce ai dama mun faɗa.

Wata ranar kasuwa na tarar da ita tana talla. Mutum uku suna saye a lokaci guda, kowa da kuɗinsa, ta ba kowa canjinsa daidai, ko yatsa ba ta ƙirga ba. Lissafin da ya gagare ta a allo ke nan. Wallahi kunya ta kama ni.

Masana ma sun gwada wannan abu. A wata firamare a jihar Kalifoniya ta Amurka, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun yi wa yara gwaji, sa'an nan suka ba malamai sunayen wajen kashi 20 cikin 100, suka ce waɗannan za su yi fice bana. Alhali kuwa sunayen da ka aka tsamo su, kamar ƙuri'a. Da shekara ta zagayo, yaran nan, musamman 'yan aji ɗaya da biyu, suka fi sauran ci gaba. A 1968 suka buga sakamakon. An yi ta gardama a kansa, binciken baya kuma ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zato ba, ya fi ƙarfi inda malami bai riga ya san yaro ba. Amma hanyar da abin yake bi a fili take: wanda ake sa wa rai, shi ake sakar wa fuska, a ba shi aiki mai wuya, a jira amsarsa, a gyara masa kuskure.

Uwargida, tambayi maigida ki ji. Gonar da manomi ya fid da rai da ita, ita ce ta ƙarshe wajen samun ruwa da taki. In ta ƙi yi, ya ce ƙasar ce ba kyau.

Ban ce ki bar sana'arki ba, da ita ake sayen sabulu da kayan ɗaki. Amma tallan ya jira a tashi daga makaranta, kuma kalmar nan "daƙiƙiya" ki haɗiye ta. Ku kuma 'yan makaranta, wadda aka taɓa ce wa haka, ta tashi daga bencin baya ta roƙi Malama ta sake yi mata bayani.

Na dawo da yarinyar gaba, na riƙa ba ta lissafi da mudu da naira. Ba ta zo ta ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya. Karatunta har yanzu da saura, don abin da ya wuce ta a shekara biyu ba ya dawowa a zango ɗaya. Amma ta fara ɗaga hannu.

Da na je gidansu na ba uwar labari, tana tsaye a bakin tukunyar shinkafa. Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ni ma haka aka ce da ni."