Sabon Direba Da Waya A Hannu: Sakan Uku Sun Isa

Duk wanda ya koyi mota a cikinmu ya san daɗin ranar da aka fara miƙa masa makulli, aka ce ya je ya dawo shi kaɗai. Sai dai da yawanmu kafin mu kai ƙarshen layi waya ta fito: hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya na ɗaukar bidiyon da za a ɗora a WhatsApp, don abokai su shaida an zama direba.

Mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a kowane sakan. Idan muka ɗauki sakan uku muna karanta saƙo, mun yi tafiyar mita 50 ke nan, kusan rabin filin ƙwallo, ido ba ya kan titi. A wannan tazarar mai A Daidaita Sahu zai iya taka birki don ɗaukar fasinja, ko ɗan firamare ya tsallako da gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari kusan sau huɗu, kuma saƙala abin ji a kunne ba ya rage haɗarin sosai, domin hankali ne ke tafiya. Abin ya fi muni gare mu sabbin shiga, da har yanzu sai mun yi tunani kafin mu sauya giya ko mu leƙa madubi.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka fi matsa wa sabon direba. A Birtaniya, tun 2017, wanda aka kama da waya a hannu yana tuƙi zai biya tarar fam 200, a kuma rubuta masa makin laifi 6. Wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi, an soke lasisinsa, sai ya sake jarrabawa daga farko. Wato kamu ɗaya ya wadatar. A 2022 aka ƙara tsaurara dokar, ta haɗa har da ɗaukar hoto da bidiyo.

A nan Najeriya ma laifi ne, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cin tara a kansa. Amma jami'anta ba za su tsaya a kowace kwana ba, saura ya rage namu.

Kafin mu tayar da mota, mu kashe ƙarar waya mu jefa ta jaka. Idan kira ya zama dole, mu gangara gefe mu tsaya. In kuma abokinmu ne ke tuƙi, mu karɓi wayar mu amsa masa, kada kunya ta hana. Mahaifiyar da ke kira ta ji ko mun isa za ta iya jiran minti goma.