Shin kayan keke masu tsada sun cancanci kuɗinsu? Abin da hanyoyin Sabon Birni da Isa ke nunawa

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, keke ya dawo cikin lissafin magidanta da dama a Arewacin Najeriya. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya koma Naira 70,000 a Yulin 2024, da ɗan kasuwar da ribarsa ke tafiya a kuɗin mota, duk sun waiwayi abin hawan da a baya ake yi wa kallon na talaka.

Sai dai mai shiga kasuwa neman keke ko kayan gyaransa yakan tarar da farashi hawa-hawa. Ga taya mai araha, ga wadda ta ninka ta kuɗi. Ga keken ƙarfe irin na da, ga mai giya barkatai da aka shigo da shi daga waje. Shin ƙarin kuɗin yana sayo ƙarin amfani, ko suna da ƙyalli kawai ake saya? Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa da ke gabashin Jihar Sakkwato wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya, domin a can keke kayan aiki ne, kuma lalacewarsa a hanya na iya jawo asarar da ta wuce ta kuɗi.

Yanayin da keke ke aiki a ƙasar Gobir

Sabon Birni na kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, Isa kuma tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara. Yanki ne na noman gero da dawa da wake, da kuma albasa da shinkafa a fadamun Gulbin Rima da rassansa. Da zarar an sauka daga kwalta zuwa garuruwa irin su Gatawa da Tsamaye da Bafarawa da ƙauyukan da ke kewaye da su, yawancin hanyoyin yashi ne da rani, taɓo da damina. Ga ƙayar aduwa da bagaruwa, ga tsidau, ciyawar nan mai shimfiɗuwa a ƙasa wadda Turawa suka raɗa wa suna saboda yadda take huda tayar keke.

Matsalar tsaro ta ƙara wa keke daraja. A Satumban 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da waɗannan biyun. A irin wannan hali, keke ba ya neman mai, ba ya ƙara, kuma bai cika ɗaukar idon masu ƙwace ba kamar babur. Amma manomin da tayarsa ta sace a tsakanin gona da gari gab da magariba, da buhu a baya, ya shiga hatsari na gaske. Saboda haka ma'aunin keke mai kyau a wannan yanki shi ne ya ɗauki kaya, ya jure ƙaya, idan kuma ya lalace a iya gyara shi a gari mafi kusa.

Me ake saya idan an biya kuɗi mai yawa?

A kasuwar duniya, tsadar kayan keke ta fi ta'allaƙa da abu biyu: rage nauyi da rage turjiyar iska. Kekunan da ake tsere da su a gasar Tour de France ta ƙasar Faransa ana ƙera su da zaren kabon, kuma da yawa daga cikinsu sun haura Dala 10,000. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, kamfanoni kuma suna ta gogayya wajen kusantar wannan iyaka.

Ga ɗan tsere, wannan kuɗi ba asara ba ne. Turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, kuma 'yan wasan da ke tafiyar fiye da kilomita 40 a awa ɗaya kan yi nasara ko su faɗi da tazarar daƙiƙoƙi. Najeriya ta ga muhimmancin hakan a gasar Olamfik ta Paris a 2024, lokacin da 'yar wasanta Ese Ukpeseraye ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta iya shiga tseren cikin fili.

Lissafin yana sauyawa idan aka zo kan mai tafiyar yau da kullum. A 2010 wani likita a Ingila, Jeremy Groves, ya wallafa gwajin da ya yi a mujallar likitoci ta BMJ. Ya riƙa zuwa aiki da dawowa, tafiyar kimanin kilomita 43, wata rana a kan tsohon keken ƙarfe mai kilo 13.5 da ya saya Fam 50, wata rana a kan na kabon mai kilo 9.5 da ya saya Fam 1,000. Bayan watanni, bai ga wani bambancin a-zo-a-gani ba a lokacin da tafiyar ke ɗauka.

Idan haka ne a kan kwaltar Ingila, to a yashin Gobir abin ya fi bayyana. A ɗauka mahayi na da kilo 65, keken na da 20, buhun da ke kan kariya kuma 50. Jimilla kilo 135 ke nan. Rage kilo ɗaya daga wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali a kayan tsere kilo ɗayan nan shi ne mafi tsada.

Inda araha ba ta ado

Akwai sassan da ƙarin kuɗi ke biyan kansa, kuma taya ce a kan gaba. Taya mai kauri, wadda aka saƙa zarenta da kyau, tana hana ƙaya isa ga tub ɗin ciki, mai faɗi kuma ba ta nutsewa a yashi kamar siririya. Hanyar auna ta ita ce a raba farashi da watannin da za ta yi. A misali, idan taya ta Naira 6,000 ta yi wata huɗu, ana biyan Naira 1,500 ke nan kowane wata. Idan ta Naira 12,000 ta yi shekara, Naira 1,000 ce a wata, ba a ma sa kuɗin faci da ranakun kasuwar da aka rasa ba.

Na biyu shi ne ƙafar baya, wato rim da wayoyinsa. Nan ne nauyin kaya ke sauka. Wayoyi marasa ƙwari sukan tsinke ɗaya bayan ɗaya, rim ya karkace, taya ta riƙa gogar ƙarfe. Kariya ma haka take: wadda aka yi da ƙarfe mai kauri ta fi ta kwalliya nesa ba kusa ba.

Na uku birki da fitila. Birkin sanda na kekunan da yana da sauƙin gyara, amma yakan yi rauni idan rim ya jiƙe, don haka robar birki mai kyau ta cancanci kuɗinta, musamman da damina. Ga mazauna birane kamar Sakkwato da Kano, inda keke ke gogayya da motoci da masu adaidaita sahu, fitilar gaba da jar fitilar baya da makulli mai ƙarfi sun fi kowace irin kwalliya amfani.

Hular kwano ma tana cikin wannan sahu. Binciken masana ya nuna tana rage raunin kai sosai idan aka faɗi. Sai dai duk hular da ta cika ƙa'idar gwaji tana ba da kariya. Abin da mai tsada ta fi ƙarawa shi ne rashin nauyi da shigar iska. Abin gudu shi ne jabu, wadda roba ce kawai babu soso mai tauri a ciki.

Inda kuɗi ke tafiya a banza

Giya mai hawa 21 ko 27 tana da amfani a ƙasa mai tuddai. Ƙasar Sabon Birni da Isa galibi shimfiɗaɗɗiya ce, kuma sarƙar irin wannan giya siririya ce, a buɗe take, yashi na haɗuwa da mai yana cinye ta da wuri. Birki mai aiki da mai yana kamawa sosai, amma ranar da ya yoyo sai an nemi irin mansa da kayan aikinsa, abin da ba a cika samu a rumfar mai gyaran keke ta ƙauye ba. Gangar jikin ƙarfe idan ta tsage mai walda zai haɗa ta. Ta alminiyam sai walda ta musamman, ta kabon kuwa idan ta fashe, a yankin an gama da ita.

Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan da yawa suna da inganci, amma girman tayoyinsu da bawul ɗinsu ba lallai su dace da abin da ke kasuwa ba. Kekunan da aka saba da su, irin Raleigh na Ingila wanda ya taɓa samun masana'anta a Kano, da Phoenix na China da Hero na Indiya, galibi suna amfani da taya mai inci 28, kuma kayansu na shiga na juna. Faɗuwar darajar Naira tun Yunin 2023, da rufe iyakar Nijar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin wannan shekarar har zuwa Maris ɗin 2024, sun nuna yadda kayan da ke zuwa daga nesa ke iya yin tsada ko su ɓace daga kasuwa.

Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta bi wannan tunanin wajen ƙera keken Buffalo domin karkarar Afirka. Na ƙarfe ne, ya haura kilo 20, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, kuma ƙungiyar na horar da masu gyara a duk inda ta raba shi. Ya fi kekunan kasuwa tsada, amma an zuba kuɗin a ƙwari da sauƙin gyara.

Kafin a biya

Tsada ita kaɗai ba shaidar inganci ba ce, domin jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni kamar Shimano sun yawaita. Shi ya sa ya fi dacewa mai saye ya fara da rumfar mai gyaran keken unguwarsa kafin shagon mai sayarwa. Mai gyara ne ya san tayar da ke yawan dawowa faci, da sarƙar da ke saurin saki, da kayan da zai iya samowa a kasuwa mafi kusa.

Bayan haka sai a duba irin hanyar da za a bi da nauyin da za a ɗora. Ma'aikacin da zai yi kilomita biyar a kan kwalta zuwa sakatariya zai iya jin daɗin keke mara nauyi mai giya kaɗan. Mai fataucin albasa ko mai kai ruwa a jarkoki ya fi buƙatar keken ƙarfe da ƙafar baya mai ƙwari. Dukansu biyu kuma za su rage kashe kuɗi idan suka riƙa duba iskar taya, suna wanke sarƙa da sa mata mai, suna zuba giris a boris kafin ya fara kuka. Famfo da kayan faci a ɗaure a ƙarƙashin sirdi ba su kai kuɗin taya ɗaya mai kyau ba, kuma su ne za su fitar da mahayi idan ƙaya ta same shi nesa da gari.