Baƙo a Titin Kontagora: Dokar Littafi Daban, Dokar Hanya Daban

Masu iya magana sun ce idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Babu inda wannan magana ta fi kama baƙo kamar a kan titi. Mutum yana iya shekara a gari bai iya harshen mutanensa ba, yana iya ƙin cin tuwonsu, amma ba shi da ikon ƙin bin hanyarsu. Baƙin ƙasashen waje da suka zauna a Kontagora, tun daga malaman makaranta har zuwa limaman mishan da injiniyoyin kamfanonin gina hanya, duk sai da suka koyi darasi guda: akwai dokar da aka rubuta a littafin koyon tuƙi, akwai kuma wadda direbobi suka gada a tasha, kuma ta biyun ce ke aiki a kullum.

Garin Mahaɗar Hanyoyi

Kafin a fahimci halin tuƙin Kontagora, wajibi ne a san inda garin yake zaune. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa shi a wajajen shekarar 1864, kuma masu ba da tarihin baka suna cewa sunan ya samo asali ne daga “kwanta gora”, watau a sauke kaya a huta. Turawan Ingila sun ci garin a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim, daga baya suka mai da shi hedkwatar lardi. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Kontagora ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwanta.

Babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Ibadan, Ilori, Jebba da Mokwa, ta nan take ratsawa kafin ta miƙa Yawuri, Koko, Jega har Sakkwato. Wata hanyar ta yi gabas zuwa Tegina, inda ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Zungeru da Minna, ɗaya ta nufi Birnin Gwari da Kaduna. Wata kuma ta yi arewa zuwa Rijau da Zuru. Hanyar jirgin ƙasa ba ta biyo ta Kontagora ba, ta Mokwa da Zungeru ta bi. Saboda haka duk abin da zai shigo ko ya fita, albasa ce daga Kabi da Sakkwato, shanu ne za su Kudu, man fetur ne ko siminti za shi Arewa, a kan taya yake tafiya. Ga masara da dawa da wake da ƙasar Kontagora kanta take nomawa, waɗanda ’yan kasuwa ke zuwa saye daga nesa. Garin da aka sa wa suna don hutawar matafiya ya zama garin da mota ba ta daina wucewa dare da rana.

Baƙin da Suka Zo

A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya sa gwamnatoci suka yi ta buɗe makarantu, an ɗebo malamai da likitoci da yawa daga Indiya, Pakistan, Masar, Filifin da Gana, aka rarraba su garuruwan Arewa. Kontagora ba a bar ta a baya ba wajen sababbin makarantu, domin a 1978 aka buɗe babbar kwalejin horon malamai ta Tarayya a garin. Akwai kuma limaman Katolika ’yan ƙasar Ailan na ƙungiyar SMA, waɗanda suka daɗe suna aiki a ƙauyukan Kambari da Dukkawa. Ɗaya daga cikinsu, Timothy Carroll, shi ya shugabanci cocin yankin Kontagora daga 1995 zuwa 2010.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan baƙi sun fito ne daga ƙasashen da ake tuƙi ta hannun hagu. Haka ake yi a Ingila da Ailan, haka a Indiya da Pakistan, haka kuma a Tailan da Japan. Nijeriya ma da can ta hagu take bi, gadon Turawan mulki, sai ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka koma hannun dama, don a yi daidai da maƙwabta irin su Nijar, Dahomi, Cadi da Kamaru, waɗanda suka gaji tsarin Faransa. Saliyo ta riga mu a 1971, Gana kuwa ta biyo baya a 1974. Ke nan malamin da ya sauka daga Bombai a 1979, farkon abin da zai koya shi ne sauya giya da hannun dama maimakon hagu, da kuma duba hagu tukuna kafin ya tsallaka titi. Wannan kuwa shi ne mafi sauƙin darussan, domin mako biyu ko uku sun isa hannu ya saba.

Harshen Hanya

Mai wuyar shi ne harshen da direbobi ke magana da shi a junansu, wanda babu shi a littafi ko ɗaya. A Ingila idan direba ya ƙyafta maka fitila, galibi yana nufin ya ba ka hanya ne. A nan kuwa ma’anarsa kishiyar wannan ce: ga ni nan tafe, kada ka kuskura ka shigo. Baƙon da ya fassara wannan alama da ma’anar gida, to, ya kai kansa bakin mutuwa.

Haka ma hon. A Turai danna hon alamar fushi ce ko gargaɗin haɗari. A Kontagora hon sallama ce, gaisuwa ce, kiran fasinja ne, sanarwa ce cewa za a wuce ka, kuma godiya ce bayan an wuce. Direban da ba ya danna hon a kwana ko a bakin kasuwa, shi ake yi wa kallon maras kula. Direban tirela yakan kunna sigina ba don zai karya kwana ba, sai don ya sanar da na bayansa ko gaba da mota ko babu. Idan babbar mota ta lalace, karen mota yakan saro ganye ya jera a kan kwalta tun daga nesa, a madadin jan allon gargaɗin da doka ta ce a ajiye. Sau da yawa kuma idan an gama gyara sai a tafi a bar ganyen da duwatsun da aka tare taya da su, su zame wa na baya tarko.

Sai babbar doka, wadda ita ce uwar sauran: babba shi ke da hanya. Mai tafiya a ƙasa ya kauce wa mai keke, mai keke ya kauce wa ɗan kabu-kabu, ɗan kabu-kabu ya kauce wa ƙaramar mota, kowa kuma ya kauce wa tanka. Littafin dokokin hanya ya ce wanda ke cikin shataletale shi ke da ikon wucewa, kuma mai tafiya a ƙasa a saurara masa. Amma ba a taɓa jin wanda ya tsaya yana karanta wa tirela mai ɗauke da buhu ɗari shida wannan shafi ba. Wanda kaɗai ya gagari kowa shi ne garken shanu, domin idan ya hau titi sai kowa ya taka burki ya jira makiyayi ya gama kora.

Ba a ce wannan tsari duk sharri ba ne. A cikinsa akwai ladabi da zumuncin da baƙi da yawa ba su saba gani a ƙasashensu ba. Motar da ta mutu a tsakiyar gari ba ta rasa masu tura ta, wanda tayarsa ta yi faci a daji ba ya rasa mai tsayawa ya ara masa jak. Idan an yi ’yar gogayya, sau da yawa dattawan wurin ne ke shiga tsakani, a ba da haƙuri, mai laifi ya biya kuɗin gyara, a rabu ba tare da an je caji ofis ba. Sai dai wannan zumunci shi ne kuma ke sa mutum biyu su tsai da motocinsu a tsakiyar titi suna tambayar lafiyar iyali, na baya kuwa su yi ta jira.

Daga Fijo Zuwa Bajaj

A zamanin da waɗancan malamai suka zo, abubuwan hawan garin ba su da yawa. Manyan ma’aikata da ’yan kasuwa suna da Fijo 404 ko 504, wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975. Malamin makaranta yana da Vespa ko Honda, talaka yana da kekensa, ’yan ƙauye suna shigowa ranar kasuwa a a-kori-kura ko motar katako. Kusan kowa ya san motar kowa, wanda ya yi tuƙin ganganci kuwa kafin dare labari ya kai kunnen ubangidansa. Kunya ita ce ɗan sandan hanya.

Yau labari ya sha bamban. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya tura matasa da yawa sana’ar kabu-kabu. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta yaɗa babur mai ƙafa uku a ƙarƙashin shirin rage talauci, har sunan shirin ya bi shi, ake ce masa Keke Napep. Galibin waɗannan babura, Bajaj da TVS, ƙirar Indiya ne. Da tsohon malamin nan zai dawo, da ya ga abin hawan garinsu ya cika titin da ya sani fayau. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, masu mota suka ƙara lodi don su fid da kuɗin mai, marasa hali kuma suka ƙara raja’a a kan hawa bayan tirela, bisa buhuna ko tsakanin dabbobi.

Wannan irin cunkoso ba a Nijeriya kaɗai ake fama da shi ba. A Tailan, inda babur da ɗan sahun da suke kira tuk-tuk suka cika tituna, mafi yawan waɗanda ke mutuwa a hanya masu babur ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya, kuma idan aka auna da yawan jama’a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara.

Abin da Ake Biya

Jihar Neja ta ɗanɗana wannan asara. A watan Nuwamba na 2023 wata tirela da ta taso daga Sakkwato ɗauke da kaya da mutane ta kife a kan hanyar Yawuri zuwa Kontagora, a Ƙaramar Hukumar Magama. Aƙalla mutum 17 suka rasu, fiye da 200 suka ji rauni. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: mutum fiye da 200 a kan mota guda wadda ba a ƙera ta don ɗaukar ko mutum goma ba. A watan Satumba na 2024 tankar mai ta yi karo da motar shanu da fasinjoji a yankin Agaie, mutum fiye da 40 suka ƙone. A watan Janairu na 2025 kuma wata tankar ta faɗi a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, ta kama da wuta yayin da jama’a ke kwasar mai, fiye da mutum 80 suka halaka.

Ba rashin doka ne ya jawo haka ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Dokar hanya ta ƙayyade gudun ƙaramar mota a cikin gari kada ya wuce kilomita 50 a awa. An soma tilasta wa masu babur sa hular kwano a farkon 2009, an soma tilasta wa motocin haya sa na’urar taƙaita gudu a 2017, kuma haɗa mutane da kaya ko dabbobi a mota ɗaya laifi ne. Amma kowa ya ga yadda ake bin waɗannan dokoki. Ramukan hanya ma suna da nasu kason laifin, domin su ke sa direba ya bar hannunsa ya koma na wani, har baƙo ya rasa gane ko ta dama ake tuƙi a ƙasar ko ta hagu.

Gyara Kayanka

Dokar al’ada ta yi amfani a lokacin da gari yake ƙarami, motoci ’yan kaɗan, kowa kuma yana jin kunyar kowa. Direban tankar da ya kwana biyu bai runtsa ba, wanda bai san kowa a Kontagora ba, babu kunyar da za ta taka masa burki. Yaron da ya karɓi babur jiya ya hau titi yau, bai san dokar littafi ba, bai kuma gaji ta tasha ba. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Aikin na kowa ne. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1978, ita ke riƙe da tashoshi, kuma tana da ikon hana motar da ta yi lodin wuce kima fita. Shugabannin ’yan kabu-kabu suna iya hana wanda bai ƙware ba ɗaukar fasinja. Limamai da masu unguwanni, waɗanda ake jin maganarsu fiye da ta jami’i mai kaki, suna iya tuna wa jama’a cewa ganganci ba tawakkali ba ne. Gwamnati kuwa nata shi ne ta cike ramuka, ta tanadi wurin da manyan motoci za su riƙa tsayawa a wajen gari, ta kuma tabbata sai wanda ya ci jarrabawa ake ba lasin.

Baƙo dai ya yi nasa, ya koyi dokarmu don ya tsira da ransa. Saura mu ’yan gari mu duba dokar da muka koya masa, mu riƙe mai kyau, mu yar da wadda ke cin rayukan ’ya’yanmu. Hanyar lafiya, an ce, a bi ta da shekara. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.